Wanda Ya Zana Dajin

Kafin komai ina neman afuwar manyan marubuta da masu karatu. Ni ba kowa ba ce, ban taɓa rubuta abin da ya wuce amsar jarabawa ba. In kun ga kuskure ku rufa mini asiri. Labarin ne ya tsaya mini a rai, ya ƙi wucewa sai na faɗe shi.

Ranar wata Talata, kasuwar Mafara ta cika ta batse, Lailatu ta shiga wani shagon fotokwafi da ke bayan tasha don a buga mata aikin makaranta. 'Yar Bakura ce, tana karatu a Poli. Ta tarar an ɗauke wuta, mai shagon ya fita neman fetur, ya bar wani siririn saurayi yana jera littattafai a kan tebur.

Ta san littafin da yake jerawa. Sunansa Mai Garkuwa, labarin zane ne na wani jarumi mai garkuwar fatar sa wadda harsashi ba ya huda ta, yana shiga daji shi kaɗai ya fito da mutanen da aka sace. Da a ƙananan littattafai yake fitowa, yanzu an haɗa su wuri ɗaya an yi musu bango mai kauri.

"Kin taɓa karanta shi?" in ji saurayin.

"Na karanta. Zanen ya yi kyau, sai dai mai littafin bai san mata ba."

"Subhanallahi. Me ya yi musu?"

Ta buɗe ta nuna masa. "Dubi wannan matar. Tun daga shafin farko take kuka har ƙarshe, ko sannu ba ta ce wa wanda ya cece ta ba. Mu matan Bakura ko a gidan makoki sai mun yi magana. Sannan wane mai hankali ne zai sa wa jarumi Mai Garkuwa a Zamfarar nan? Kakata da ta ji sunan cewa ta yi a fitar mata da shi daga ɗaki."

Saurayin ya ce, "Kalmar ai tamu ce tun kafin ɓarayi su ɗauke ta. Garkuwa kariya ce. Wataƙila so yake ya ƙwato ta."

A lokacin ne idonta ya sauka a kan yatsunsa, ta ga baƙin tawada har cikin farce. Ta dubi bangon littafin, ta dubi yatsun. Kunya ta rufe ta, ta ja hijabi ta kare bakinta.

"Sunana Fa'izu," ya ce yana murmushi. "Akwai lambar guruf ɗin masu karatu a bayan littafin. Ki shigo don Allah. Masu yabo sun yi mini yawa."

Ta shiga. Guruf ɗin kuwa ba ya barci. Wannan ya ce me ya sa jarumin ba ya tashi sama, wancan ya ce a ba shi bindiga a daina wasa da hankalin mutane. Wani ya kawo maganar hukuncin zana mai rai, aka kwana biyu ana kai ruwa rana. Wani manomi daga Damri ya rubuta cewa in jarumin yana da lambar waya a turo masa, shinkafarsu ta nuna kuma ba wanda ke iya zuwa yanka. Aka yi ta turo alamar dariya, amma kowa ya san ba wasa yake yi ba.

Lailatu ita ce mai gyara. Ba a jima ba gyaran ya bar guruf ya koma tsakaninsu su biyu.

"Malama mai jan biro, na sa matar ta yi magana a sabon zane. Ta ce wa jarumin ya makara. Ya yi miki?"

"Ya yi, Mai zane. Amma ka gyara mata ɗaurin kallabi, ba macen da za ta fita haka."

"To ki turo mini hotonki in koya."

"Ka koya a wurin innarka."

"Innata ta ce in tambaye ki ina ne ƙofar gidanku."

Ta daɗe tana kallon wannan saƙon kafin ta ba shi amsa. Daga nan ya koma kiranta Lailata, ita kuma ta ce masa Nawa, sau ɗaya, ta goge, amma ya riga ya gani.

Wata rana ana musu a guruf kan ko zanen Fa'izu ya kai na ƙasashen waje, wani ya ce duk kwaikwayo ne daga waya. Ran Lailatu ya ɓaci, ta rubuta:

"Ku dubi dajin da kyau. Dubi tsamiyar nan da ta rabu biyu, dubi dutsen da ke bayanta. Wanda ya zana dajin nan ba labari aka ba shi ba. Ya san shi ciki da bai, ya kwana a cikinsa ya tashi."

Yabo take nufi. Ta ajiye wayar tana jin ta kare masoyinta.

A cikin guruf ɗin akwai Mas'ud, ɗan aminin babanta, mai shagon taki da maganin feshi a Bakura. Ya daɗe yana sonta, ita kuwa ta sha gaya masa cewa yaya ta ɗauke shi. Bai ce komai a kan saƙon ba. Hotonsa kawai ya ɗauka ya ajiye.

Da Fa'izu ya nemi izinin turo magabatansa, Inna Turai, mahaifiyar Lailatu, ita ta kai maganar gaban maigida. Malam Balarabe manomin shinkafa ne. Shekarun baya ɓarayin daji sun tare shi a hanyar gona, sai da aka sayar da fadamar gado kafin ya dawo. Tun daga nan bai taɓa ba kowa labarin abin da ya gani ba. In babur ya wuce da gudu yana cin abinci, sai ya tsame hannu.

"Ɗan ina ne?" ya tambaya.

"Mutanen Maradun ne, Malam. Asalinsu wata ruga ce kusa da Dosara, an kore musu shanu suka dawo cikin gari."

"Bahillace ke nan."

"Yaron kirki ne, kowa..."

"Turai, ki hwaɗa wa ɗiyarki ta hita batun ga. Ban da ɗiyar da zan kai wannan wuri."

Lailatu tana bayan ƙofa tana ji. Ta koma ɗaki ta kifa kai a kan katifa. Ta yi zaton wannan shi ne iyakar tashin hankalin, ashe ba a fara ba.

Cikin mako guda hoton saƙonta ya zaga wayoyin Bakura da Mafara, an ɗora masa rubutu a sama: "Budurwarsa ma ta shaida. Ya san daji ciki da bai. Kuma da bakinsa ya ce shi mai garkuwa ne." A majalisar masu shayi aka fara kiran kalmar da kowa ke tsoro, wato infoma, mai kai wa ɓarayi labari. A ƙasar nan in aka liƙa wa mutum wannan suna, ba aure kaɗai yake rasawa ba. Wani lokaci ba ya kai gobe.

'Yan sa-kai suka je shagon fotokwafi suka nemi Fa'izu, suka tarar mai shagon ya riga ya sa shi a mota zuwa Maradun. Aka kwashe littattafan daga kan tebur. Masu yabon guruf suka yi ta ficewa ɗaya bayan ɗaya.

Lailatu ta tare Mas'ud a ƙofar shagonsa.

"Yaya Mas'ud, kai ne?"

"Ni me na rubuta? Ke kika rubuta." Ya ci gaba da ɗaure bakin buhu. "Laila, ki tsaya ki yi tunani. Ke kin taɓa shiga dajin? Ni na taɓa? To shi a ina ya san shi?"

Ta juya ta tafi, amma tambayar ta biyo ta har gida. Ta wanke kwanuka da ita, ta yi salla da ita. Da yamma ta kasa daurewa, ta rubuta wa Fa'izu:

"Nawa, ka yafe mini, ni na ja maka. Wallahi yabo na yi. Amma don Allah ka gaya mini in samu abin da zan kare ka da shi. A ina ka san dajin nan?"

Ta ga ya karanta. Ta ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Abin da ya iso gajere ne:

"Har ke, Lailata?"

Daga nan wayarsa ta mutu. Ta kira har ta gaji. Abinci ya daina shiga cikinta, Inna Turai ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta koma addu'a.

Ranar Alhamis bayan azahar shugaban 'yan sa-kai na unguwarsu ya yi sallama da Malam Balarabe. Lailatu ta ji komai daga tsakar gida.

"Malam, kai ka shiga wurin nan ka fito. Ka duba mana littafin yaron. In wurin nasu ne ya zana, to mun san abin yi. Maganarka muke jira."

Da baƙon ya tafi, Malam ya ƙwala kira. "Laila, kawo mini littahin."

Ta tsaya da shi a hannu, ta rasa ta miƙa ko ta jefa shi a murhu. Ta durƙusa. "Baba, don girman Allah..."

"Kawo."

Ya zauna a zaure ya sa tabarau, ita kuwa ta raɓe a jikin bango tana leƙe. Ta ga ya buɗe shafin tsamiyar nan mai rassa biyu, ya tsaya. Ya shafa zanen dutsen da yatsa. Lailatu ta gane ya san wurin.

Ya ci gaba da buɗawa a hankali. Ya koma baya, ya sake dawowa gaba. Aka kira la'asar bai motsa ba, shi da liman ba ya rigansa shiga masallaci.

"Zo nan, na san kina nan," ya ce ba tare da ya waiwaya ba. "Duba shahin ga. Mi kika gani?"

"Ƙafafu ne, Baba. Takalman roba, da gindin bindiga, da tayar babur."

"Buɗe gaba. Nan hwa?"

"Ƙafafu ne."

"Ina huskokinsu?"

Ta yi ta buɗawa. Jarumin yana da fuska, waɗanda aka sace suna da fuska, amma duk inda ɓarayi suka fito, daga gwiwa zuwa ƙasa kawai aka zana su. Ta karanta littafin nan har ta kusa haddace shi, ta yi masa gyara iri-iri, ba ta taɓa lura ba.

Malam ya cire tabarau ya riƙe a hannu. "Can ciki ba a ɗaga kai. Ka ɗaga kai ka dubi mutum, ka sha gindin bindiga. Ni da na zauna da su, ki ce in nuna miki huskar mutum guda, ban iyawa. Amma takalman ga na san su, har wanga mai tsagaggen baki." Ya ci gaba da cewa, "Mai kai musu labari zama yake tare da su, shina kallon idonsu, shina shan shayinsu. Wanga yaro ƙasa aka aje shi, inda aka aje ni."

Wannan ne karo na farko da ta ji babanta ya ambaci dajin. Ta fashe da kuka, shi kuwa ya juyar da fuska wajen bango.

Ta samu lambar Bappa Isa, ƙanen mahaifin Fa'izu, ta roƙe shi ya miƙa masa wayar. Fa'izu ya ƙi karɓa, sai dai ya kunna tasa. Ta rubuta:

"Baba ya ce ka zo gobe kai da Bappa. Ya ce shi da kansa zai tarbe ku a tasha."

"Tarko ne?"

"Da ni za a haɗa baki a ɗana maka tarko?"

"Ke ma ai kin tambaye ni."

Ta share hawaye ta rubuta: "Na tambaya, kuma ban da bakin kare kaina. Amma Baba ya ga ƙafafun."

Sannan ya rubuto: "Za mu zo."

Da hantsi Malam Balarabe ya sa babbar rigarsa ta Juma'a ya tafi tasha. Da motar Maradun ta tsaya, ya kama hannun Fa'izu, bai sake shi ba. Bai bi ta lungu ba, ta tsakiyar gari ya biyo da shi, ta gaban masu shayi, ta gaban shagon taki, yana amsa gaisuwar mutane ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, "Ɗana ne, daga Maradun." Mas'ud ya shige cikin shago bai fito ba.

A zaure aka shimfiɗa tabarma, shugaban 'yan sa-kai na gefe. Aka gaisa, aka tambayi gida da iyali da hanya, aka sake gaisawa. Lailatu na bayan ƙyaure, ta ga yadda Fa'izu ya rame.

"Yaushe ne suka ɗauke ka?" in ji Malam.

Fa'izu ya sunkuyar da kai. Bappa Isa ne ya amsa. "Daminar da aka kore mana shanu. Shi ke kiwo, suka haɗa da shi. Sai da kaka ta yi muka samo shi, da 'yan shanun da suka rage."

"Mi ya hana ku hwaɗi?"

Fa'izu ya ɗago. "Baba, in kai ka dawo daga daji, jaje ake zuwa yi maka. In ni na dawo, tambaya ake yi me ya sa suka bar ni da rai. Sai na ga gara in yi shiru. Da shirun ya yi mini nauyi na fara zane."

Shugaban 'yan sa-kai ya karɓi littafin, Malam ya nuna masa shafukan ɗaya bayan ɗaya. Mutumin ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙa wa Fa'izu hannu ya ce a yi haƙuri, shi da kansa zai tsaya a masallaci bayan Juma'a ya warware maganar.

Malam ya rufe littafin ya ɗora a cinya. "Na karanta shi duka. Gyara guda gare ni. Jarumin ga naka ƙarya ne. Mu da muna can ba wanda ya zo."

"Mu ma ba wanda ya zo, Baba. Kullum ina kallon bayan dutsen nan ina jira. Shi ya sa na zana shi."

Malam ya ɗauki gefen rigarsa ya goge ido, ya dubi Bappa Isa. "Ku turo. Na hana ɗiyata ga mutumin da ban ko gani ba, Allah Ya yahe mini."

Da manya suka tashi zuwa masallaci aka bar su su gaisa a ƙofar gida. Lailatu ta kasa kallonsa.

"Nawa, ka yafe mini."

"Maganar gari ba ta dame ni kamar taki ba, Lailata. Ba zan ɓoye miki ba, har yanzu da saura."

"Na sani."

"Amma ni ma da na gaya miki tun farko. Tsoro nake yi ki riƙa kallona da tausayi."

"Ni? Ka manta da wa kake magana. Har yanzu ɗaurin kallabin nan bai yi ba."

Ya yi dariya, ita ma ta yi, hawaye na zuba.

Ba kowa ne ya dawo guruf ba, kuma har yau akwai masu kauda kai in Fa'izu ya wuce. Amma bayan an yanke shinkafa aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Balarabe. Mutanen Maradun suka zo da ƙwaryar nono da man shanu, matan Bakura suka yi ta tsokanarsu cewa sun zo sayen amarya da kindirmo, su kuma suka ce ai ko a haka an yi musu tsada. Ba a jira dare ba, saboda hanya. Tun rana na sama aka fito da amarya.

Malam ya dafa kan 'yarsa, ya kama hannun angon ya haɗa da nata. "Ga amana nan. Allah Ya ba ku zaman lahiya da zuri'a ta gari. Allah Ya sa ɗiyanku su tashi su iske hanyar Maradun da Bakura ana bin ta ko da wane lokaci, ba mai waiwaye."

Aka amsa da amin, har da masu kuka. Motar ta tashi, Lailatu ta leƙo ta cikin mayafi tana kallon babanta, shi kuwa yana tsaye a tsakiyar hanya bai koma ciki ba sai da aka bugo waya aka ce sun sauka lafiya.

Allah Ya albarkaci wannan aure, Ya kai mu ga namu. Ni dai ranar bikin ina can ƙarshen rumfa a bayan manyan mata, da na ga hankalin kowa ya koma kan rabon alkaki, sai na lalubi takalmana na bi ta ƙofar baya.